Ranar Da Ƙamus Ya Yi Wa Kalma Aski

Akwai wani mai aski da 'yan layinsu ke kira Ƙamus. Ba su suka raɗa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya kuma rubuta shi da jan fenti a saman madubin shagonsa don kada wani ya manta. Siriri ne mai dogon wuya, bakinsa ya fi injin askinsa aiki, kuma tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba".

Abin da ya fi taƙama da shi a sana'arsa shi ne ba ya tambaya. Kana zama a kujera zai ɗaura maka ƙyalle a wuya, ya karkace kai ya dubi ƙeyarka, ya kunna inji. In ka buɗe baki za ka faɗi irin askin da kake so, sai ya danne maka kai.

"Mai askin da ke tambaya bai iya ba," in ji shi. "Ni kai nake karantawa."

Mai Faci, wanda ke gyaran taya a bakin titi daura da shagon, yana cikin waɗanda aka karanta. Ya shiga a rage masa gashin baki, ya fito da ƙwal-kwabo da gira ɗaya. Tun ranar bai sake cire hula a gaban Ƙamus ba, bai kuma sake barin wata maganarsa ta wuce ba tare da ya soke ta ba.

Ana nan sai Ƙamus ya tsinci Esperanto a waya. Wani harshe ne da aka ƙirƙira don mutanen ƙasashe daban-daban su riƙa jin juna. Ya yi darasi na farko da na biyu, ya leƙa na uku, sai ya ga ai ya sauke. Ya shiga zauren masu harshen a wayar, aka jero masa tambayoyi, duk wadda ta zo sai ya danna "jes", wato e, don ita kaɗai ya tabbata da ita. Ya sa hotonsa da adireshin shago. Washegari ya sanar wa masu zaman benci cewa nan gaba kaɗan wanda bai iya wannan harshe ba ko ruwan sha ba zai iya saya ba.

Da abin ya tsaya a surutun benci da babu wanda ya damu. Abin da ya sa ya wuce wasa shi ne ɗakin Kawu. Kawun su Ƙamus ne, tsoho mai gajeriyar magana, shi ke da jerin shagunan, kuma wanda ke manne da na Ƙamus ya zama babu kowa. Auta, ƙanwar Ƙamus, tela ce. Ta daɗe tana ɗinki a baranda, rana ta dake ta, ruwa ya daki kekenta, tana roƙon Kawu ya ba ta ɗakin. Sai ga yayanta ya taso da cewa shi za a ba, zai buɗe Babbar Makarantar Harshen Duniya.

Kawu ya ce, "Ɗaki ɗaya ne, ku biyu ne. Ita na ga kekenta. Kai ma nuna min naka in gani da idona."

Ba a daɗe ba saƙo ya shigo wa Ƙamus, yana tsakiyar yi wa wani bawan Allah askin da bai nema ba. Ya bar mutum da rabin kai, ya fito bakin ƙofa da waya a sama kamar wanda ya ci gasa.

"Ƙasashen waje ke nemana. Ku saurara."

Ya karanta da ƙarfi. "Saluton" ya gane, gaisuwa ce. "Amiko" ya gane, aboki. Ya ga "sabate", ya ce Asabar, kuma abin haushi ya dace, wanda hakan ya ƙara kumbura masa kai. Sai ya ci karo da wata doguwar kalma, ya tsaya cak.

"Al... alve... alvenontaj."

"Me ke nan?" in ji Mai Faci.

"Gaggawar me kake? Wannan babbar kalma ce, ba ta irinku ba."

"To ai kai muke tambaya, babba."

Auta ta ɗago daga kan kekenta ta ce, "Yaya, ka rubuta wa wanda ya aiko mana, ka ce ba ka gane wannan ba. Me zai ɗauke ka?"

Ƙamus ya yi mata kallon da ake yi wa wanda ya zagi mahaifi. "In tambaya? Ni? Ke ci gaba da taka kekenki."

Ya ɗauko guntun sabulu ya rubuta kalmar a jikin madubi da manyan baƙaƙe. Ya ja baya, ya karkace kai ya dube ta, yadda yake duban ƙeyar mutum.

"Kalma da kai duk ɗaya ne," ya ce. "Suma ce ta yi mata yawa. A aske, a ga fata."

Ya sa tsumma ya goge wutsiyar. Ya sake duba, ya ƙara gogewa. Ya koma gaba ya rage "al". Abin da ya rage a madubin shi ne "ven". Nan ya buga tsalle, don ya tuna ya taɓa ganin mai kama da ita a darasi na uku.

"Zuwa. Ma'anarta zuwa. Wani zai zo ranar Asabar."

"Wa?" in ji Mai Faci.

"Shugaban harshen na duniya. Wa kuma? Ƙaramin mutum ba ya rubuta kalma mai tsawon wannan."

"Abin da ka goge fa? Ai ya fi abin da ka bari yawa."

"Gashi ne. In na yi maka aski kana kwashe gashin ka kai gida?"

"Girata dai na so in kwasa," in ji Mai Faci, yana gyara zaman hularsa.

Daga nan layi bai sake hutawa ba. Ƙamus ya karɓi makullin ɗakin a hannun Kawu da sunan aro, ya share, ya shimfiɗa dardumar da ya aro a gidan maƙwabta ba tare da ya faɗi yadda taron zai kasance ba. Ya sa aka yi allo, aka zana tauraro kore, alamar harshen, aka rubuta sunan makarantar, aka rataya a saman ƙofa. Ya tara masu shagunan layin yana koya musu gaisuwa, kowa na faɗin "saluton" yadda Allah ya hore masa. Ya sayi kaza guda, faranti guda na tangaran, kofin gilashi guda, don shugaba mutum ɗaya ne. Sai ya zo kan Mai Faci ya ce ya kwashe tayoyinsa daga bakin titi, nan doguwar mota za ta tsaya.

"Wace kala ce motar?" in ji Mai Faci.

"Baƙa."

"Ita ma a madubin ka gani?"

Ranar Asabar da hantsi layi ya cika. An yi ruwa da safe, titi duk caɓi. Kawu ya zauna a kujerar roba da sandarsa tsakanin ƙafafu. Auta ta janye kekenta gefe, ta zauna tana ɗinka maɓalli da hannu, zuciyarta ba daɗi, don ita ma ta fara tunanin ko da gaske ɗakin ya tafi. Ƙamus kuwa ya sha kwat mai faɗin kafaɗa wadda ba tasa ba, yana kai da komo, duk motar da ta wuce sai ya ɗaga hannu.

Rana ta take, kaza ta huce, mota ba ta zo ba. Sai ga wasu mutane a kan kekuna sun kunno kai, su tara, maza da mata, fari da baƙi, kowa ya sha taɓo har gwiwa, kowane keke an lafta masa kaya kamar masu ƙaura. Suka zo suka tsaya daidai inda aka share wa doguwar mota.

Ƙamus ya yi kansu yana kaɗa hannu. "Ku matsa, ku matsa. Nan ba tashar keke ba ce, babban baƙo muke jira."

Na gabansu, wani dattijo mai farin gemu da ya sauko har ciki, ya sauka daga keke. Ya dubi tauraron da ke kan allo, ya dubi wayarsa, ya dubi Ƙamus, sai fuskarsa ta washe.

"Saluton, amiko!"

Kafin Ƙamus ya ankara an rungume shi, an shafe kwat ɗin aro da taɓo daga wuya har ƙugu. 'Yan layi da aka sha wahalar koya wa gaisuwa suka ga lokaci ya yi, suka ɗauka gaba ɗaya, kowa da irin tasa. Lissafi ya fara ɓaci, amma bakin Ƙamus bai san wannan ba.

"'Yan share fage ne," ya gaya wa Kawu. "Manya ba sa zuwa haka kawai. Sai an turo masu duba wuri."

"A kan keke?"

"Don kada a gane su."

Mai Gemu ya riƙe hannun Ƙamus ya shiga zuba magana, doguwa, mai daɗin ji, yana nuna ɗakin da aka share. Ƙamus bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Da ya ga dattijon ya tsaya yana jiran amsa, sai ya ce, "Jes."

Nan take mutum tara suka shiga kwance kaya. Aka tura kekuna cikin Babbar Makarantar Harshen Duniya, tayoyi suka bi ta kan dardumar maƙwabta suna zana mata hanyoyi. Matar da ta ba da aron dardumar tana cikin taron, ta dafe ƙirji.

"Me ya ce?" in ji Kawu.

"Ya ce sunana ya kai ƙasashe da dama."

"Duk wannan doguwar maganar?"

"Harshen haka yake, Kawu. Yana da faɗi."

Wata mata doguwa a cikin baƙin ta zo ta yi tata tambayar, tana nuna durom ɗin ruwan shagon aski. Ƙamus ya ce, "Jes." Aka kwashe ruwan tas, aka shiga wanki a bakin ƙofa. Wani ya tambaya, ya nuna allon makaranta. "Jes." Aka ɗaura igiya daga allon zuwa tagar shago, aka shanya safa da singileti, har wani gajeren wando ya rufe tauraro kore. Wani saurayi ya nuna kazar, aka ce masa "jes", ya yayyage ta ya raba wa kowa, har kyanwar layin ta samu ƙafa. Kofin gilashin shugaba kuma aka zuba burushin goge baki a ciki.

Mai Faci dai yana can gefe, ya mayar da kayansa bakin titi. Ya nuna wa baƙi taya, suka nuna masa wadda ta sace, ba saluton ba komai, ya kama aikinsa. Daga inda yake ya ɗaga murya.

"Ƙamus, masu share fagen nan sun share kazar. In shugaba ya zo me zai ci?"

Kawu ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya. "Tambaye shi yaushe shugaban nasu zai iso. Ina da abin yi."

Ƙamus ya gyara kwat, ya yi gyaran murya, ya laluba cikin kansa, bai samu komai ba sai jimlar darasi na biyu, wadda ke cewa kyanwa tana kan tebur. Ya fuskanci Mai Gemu ya sake ta da murya irin ta masu karanta labarai.

"La kato estas sur la tablo."

Mai Gemu ya waiga ya dubi tebur. Babu kyanwa. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi. Sauran baƙin suka taya shi nema, wata har tana kiran kyanwar da baki.

"Me suke nema?" in ji Kawu.

"Suna... duba tsaro ne. Kafin shugaba ya zauna."

"To me ya ce game da lokacin?"

"Yana hanya."

"Ban ji ya yi magana ba."

"Da ido ya faɗa, Kawu."

Dariya ta fara tashi daga bayan taro, irin wadda ake dannewa da hannu tana fita ta hanci. Ƙamus ya ji ta a bayan wuyansa. Ya ga Kawu ya fara kallon aljihun da makulli yake. Ya san in bai yi wani abu na bajinta yanzu ba, ɗaki ya tafi.

Allah da ikonsa, a daidai lokacin Mai Gemu, da gajiya ta gama cinye shi, ya shiga shagon aski ya zube a kujera, don ita kaɗai ce mai laushi a wurin. Ya dubi kansa a madubi, ya shafa gemun nan tun daga haɓa har ƙasa, ya yi wa Ƙamus wata magana a hankali cike da alfahari. Ya lumshe ido. Kafin a ce haka barci ya ɗauke shi.

Idon Ƙamus ya yi haske. Ga mutum a kujerarsa, ga taro na kallo, ga aikin da ba ya bukatar harshe.

"Kun ji abin da ya ce? Ya ce tun daga ƙasarsu ya ji labarin hannuna. So yake in gyara shi kafin shugaba ya gan shi."

Auta ta miƙe. "Yaya, don Allah ka tashe shi ka tambaya."

"Mai askin da ke tambaya..."

"Bai iya ba, mun sani," in ji Mai Faci. "Kawu, ka hana shi. Ni na san wannan tsayuwar."

Ina. Ƙyalle ya riga ya hau wuya. Ƙamus ya karkace kai, ya kunna inji, ya ɗora shi a kumatun dama ya zarce. Farin gemu ya zubo kan cinyar dattijo kamar an farke matashin kai. Sai doguwar matar nan ta leƙo da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ta saki ƙara.

Mai Gemu ya farka. Ya dubi madubi, inda har yanzu "ven" ɗin sabulu ke nan a sama. Rabin fuskarsa dattijo ne, rabi kuma wani mutum ne da bai gani ba shekara da shekaru. Bai yi faɗa ba. Ya tattara gashin da ke cinyarsa da hannu biyu, ya riƙe, idonsa ya kawo ruwa. Dariyar waje ta mutu, don abin ya daina ba da dariya. Kowa ya ji kunya, ban da wanda ya kamata.

"Murna yake," in ji Ƙamus.

Auta ta ture shi ta wuce. Ta ciro wayarta, ta buɗe inda ake fassara, ta faɗi abin da take son tambaya, ta miƙa wa doguwar matar. Matar ta rubuta amsa. Auta ta karanta wa taro da ƙarfi, ba ta rage komai ba.

Dattijon mijinta ne. Bai taɓa sa reza a gemun ba tun ranar da aka haifi 'yarsu, kuma wurin bikin 'yar za su ƙarasa da wannan tafiya, abin da yake gaya wa Ƙamus ke nan kafin ya yi barci. Su matafiya ne kawai. Masu wannan harshe sukan sauki junansu kyauta a duk inda suka je, kuma Ƙamus da kansa ya sa sunansa a cikin masu karɓar baƙi, ya amsa cewa yana da wurin kwana, da ruwa, da wurin ajiye keke, komai yawan mutane.

"Shugaban fa?" in ji Kawu.

Auta ta tambaya. "Ta ce wane shugaba?"

"Tambaya mana kalmar da aka yi wa aski," in ji Mai Faci.

Auta ta tambaya. "Ta ce ma'anarta masu shirin isowa. Su da yawa."

Mai Faci ya dubi Ƙamus. "Ashe mutum takwas ka goge da tsumma."

Kawu ya miƙe a hankali, ya zo gaban Ƙamus. "Ba shi haƙuri. Da harshen."

Ƙamus ya buɗe baki. Ya dubi rabin gemu, ya dubi jama'a, ya dubi safar da ke ɗiga a kan allonsa. Darasi na farko ya zo ya wuce, na biyu ya zo da kyanwarsa ya wuce, babu haƙuri a cikinsu.

"Jes," ya ce, can ƙasa.

Kawu ya zura hannu a aljihun kwat ɗin aro, ya zaro makulli, ya ajiye a tafin Auta. Ya ce baƙi kuma amana ne, tunda an yi musu alkawari za su kwana, amma a shagon wanda ya yi alkawarin. Aka fito da kekuna tara daga ɗakin Auta aka jera su tsakanin kujerar aski da madubi, ko wurin tsayuwa bai rage ba. Matar darduma ta naɗe kayanta ta ajiye a ƙafar Ƙamus, ta ce a wanke a kawo kafin mijinta ya dawo.

Rabin gemun da ya rage kuwa, dattijon bai yarda mai aski ya sake matsowa kusa da shi ba. Almakashin tela ya nuna. Auta ta zaunar da shi a ƙofar sabon ɗakinta, ta ɗaura masa ƙyallen atamfa, kuma kafin ta taɓa ko gashi ɗaya ta sa waya ta tambaye shi yadda yake so.

Ƙamus yana zaune a bakin kwata da darduma da bokitin da babu ruwa, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba. Sabon saƙo ne daga wata lamba dabam. "Saluton" na nan, "amiko" na nan, ga kuma doguwar kalmar nan da sumarta cif, ba a rage mata komai ba.

Mai Faci ya leƙo ta kafaɗarsa. "Ga sabulu can. A aske mana ita."

Ƙamus ya sake duban wayar. Sannan ya tashi, ya ja ƙafa har ƙofar ƙanwarsa, ya miƙa mata ba tare da ya ɗago ido ba.

"Auta, tambaye su. Su nawa ne?"

Mai Faci ya cire hularsa, ya shafa girar da ta daɗe da tsirowa, ya koma kan tayarsa.